Cajin Wayar Kaka

A wani ƙauye da wutar lantarki ba ta kai ba, an yi wata yarinya mai son kallon fim. Waya ɗaya ce a gidansu, ta kakarta, kuma sai ranar kasuwa ake kai ta caji. Ta wannan wayar kawunta yake kiran tsohuwar daga birni duk jajiberin kasuwa.

Wata rana aka tura musu sabon fim a wayar. Yarinyar ta ce wa ƙanenta, "Kaɗan-kaɗan za mu riƙa kallo, don cajin ya kai ranar da Kawu zai kira."

Kullum suka kalli kaɗan sai ta kashe. Kullum ƙanen ya roƙa a ƙara, kullum ta ƙi.

Ranar da kawu zai kira, fim ya zo ƙarshe. Jarumin ya kama ƙofar ɗakin da aka ɓoye 'yarsa, sai alamar caji ta yi ja.

Ƙanen ya ce, "Yaya, saura kaɗan fa. Ke ma kina son gani, ga idonki nan kamar zai faɗo."

Gaskiya ya faɗa. Amma ta cije, ta kashe, ta kai wa kakarta wayar.

Da la'asar kawu ya kira. Tsohuwa ta sha hira da ɗanta tana dariya. Suna yin sallama wayar ta mutu, ita ba ta ma lura ba. Ta miƙo musu ta ce, "Ungo, ku je ku ƙarasa kallonku."

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Mun gode, Kaka."