Hayaƙin Inna Delu

Kwanon tuwo ya daki bango, miya ta fantsama har kan kallabin Bara'atu. Kafin ta ɗago, marin mijinta ya sauka a kuncinta. Sai kuma Muntari ya tsaya yana kallon hannunsa.

"Bara'atu… ni niy yi wanga?"

To wa zai yi in ba shi ba! Muntarin da ya yi ta zarya Ƙofar Dundaye yana neman aurenta tun kafin a kwashe su yaƙin basasa. Ya dawo da igiyar kofur, ya ajiye kaki, ya kama tuƙin motar siminti a wannan zamani da arzikin mai ya sa kowa gini. Mutum ne mai kunya da tausayi, amma lokaci-lokaci sai idanunsa su juye ya farfasa abin da ke gabansa. Yau abin ya kai ga jikinta.

Da la'asar mahaifinta, Malam Maccido, ya zo ya tafi da ita yana huci.

"Ban haihi ɗiya don a mayar da ita ganga ba! Shi sake ta, ko mu gamu gaban alƙali!"

Inna Delu, uwar Muntari, ta biyo su har zaure tana tafa hannu. "Aljani na, can daji yaɗ ɗauko shi! In ma ba ɗiyar taka taj ja mishi ba!"

Ita Inna Delu maganinta ɗaya ne: garwashi a kasko, saiwoyi da gashin baƙin bunsuru, a lulluɓe Muntari da bargo ya shaƙa. Duk ranar da aka yi, sai ya fi kullum haukacewa. Wai ita murna take, aljani ya ji wuta!

A gidansu Bara'atu ta yi kuka har ta gaji, don tana son mijinta kuma tana tsoronsa. Tana cikin tunani sai ta tuna: ranar marin, maƙwabta suna babbakar kan ragon suna. Ranar da ya ɓalle ƙofa kuwa, washegarin Layya ce. Ashe duk ranakun ƙaurin gashi ne!

Ta yafa mayafi ta nufi gidan mijinta a Gidan Dahala. Ta tarar ƙarti biyu sun danne Muntari cikin bargo, yana kururuwa, ƙauri ya cika gidan. Ba ta yi sallama ba, ta suri tulu ta juye wa kaskon.

"Ke! Ɗiyar Maccido, ni za ki yi ma rashin kunya?"

"Inna, ki gahwarce ni, amma hayaƙinki shi ka kashe shi!"

Muntari ya yaye bargon yana haki, hawaye shaɓe-shaɓe. A ranar ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Motarsu ta kama da wuta a bakin daga, abokansa na ciki suna kiran sunansa, shi kaɗai ya fita. "In na ji ƙaurin gashi, Inna, ba gida nike ba. Can nike."

Inna Delu ta zauna daɓas a ƙasa.

Likitan ƙwaƙwalwa da suka gani a asibiti bai yi musu kwana-kwana ba. Ya ce rauni ne a zuciya, irin wanda ya gani ga sojoji da yawa. Ya ba Muntari ƙwayoyi, ya sa shi zuwa kowane mako su zauna ya amayar da abin da ke cinsa, ya koya masa ya fice daga gida da zarar ya ji ƙirjinsa ya fara zafi.

"Amma Kofur, ciwo bai halatta maka dukan mace ba. Ke kuma ki zauna gidanku sai mun ga sauƙi."

Haka aka yi. 'Yan unguwa suka yi ta yi da ita, wai matar mahaukaci. Mahaifinta ya daina amsa gaisuwarta. Ita dai duk ranar asibiti tana kan benci tana jiransa.

Damina ta wuce, aka yi girbi, sannan Muntari ya zo ya durƙusa gaban surukinsa.

"Baba, ban ce na warke sarai ba, ina shan magani. Amma in na ƙara ɗaga mata hannu, ba sai kun kai ni ga alƙali ba."

Malam Maccido ya daɗe yana hararsa. Can ya juya ya ƙwala kira cikin gida. "Bara'atu! Ɗauko kayanki, mijinki ya zo."

'Yan'uwana mata, haƙuri ba zama a yi ta jibgarki ba ne. Ki tsira da lafiyarki tukuna, sannan a nemi tushen ciwon a kai shi inda ake maganinsa. Irin wannan haƙurin Bara'atu ta yi, shi ya mayar mata da mijinta.