Abin da Ya Biyo Motar Isiyaku

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa bayan gonakin shinkafa, Isiyaku yana tuƙa a-kori-kurarsa a hanyar da ta bi gefen babban kanal na ruwan noman rani, daga gona zuwa gida. A baya kwandunan tumatir ne da za a kai kasuwa da safe. A gefensa 'yarsa Fa'iza ce, wadda ta yini tana lura da masu tsinka. Bara ya kai motar Kano aka sa mata tukunyar gas, tun daga nan ba ya zuba fetur sai ɗan abin da zai tayar da inji, domin da fetur take tashi kafin ta koma gas da kanta.

Suna cikin tafiya, ɗan makunnin gas da ke kusa da sitiyari ya fara kuka, ɗit, ɗit, ɗit, fitilarsa ta koma ja. Motar ta koma fetur, ta shanye ɗan abin da ke tanki, ta mutu daidai wata tsohuwar ƙofar ruwa da aka daina buɗewa, ciyawa ta rufe bakinta.

Isiyaku ya ɗauka zafi injin ya yi. Ya buɗe bonet, ya kwance tiyon lagireto, ya tari ruwan a bokiti yana tururi, ya miƙa wa Fa'iza ya ce ta zubar. A can ƙauye an fara kiran magariba. Ta watsa ruwan cikin ciyawar nan, ba ta yi bismilla ba. Kwaɗin da suka cika wurin da kuka suka yi shiru gaba ɗaya. Fa'iza ta tsaya da bokiti a hannu, ta ce wa babanta kamar ta ji wani ya ja numfashi. Ya ce ta shiga mota. Wani mai babur ya samo musu fetur a kwalba, suka ƙarasa gida.

Kwana biyu ba abin da ya faru, sai dai motar ta ƙi zama a gas. Ko ta koma, minti biyar ba ya cika sai makunnin ya yi kuka.

A rana ta uku, Hajara matar Isiyaku tana kwashe tuwo da magariba, dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo. Ta leƙa waje, ba kowa a lungun. Da ta tsinci ɗaya, ta ji shi a jiƙe, da gansakuka a jikinsa, irin na gindin kanal. Tana riƙe da shi ta ji kukan makunnin mota, ɗit, ɗit, ɗit. Motar tana ƙofar gida a kashe, mukullinta yana aljihun Isiyaku a masallaci. Hajara ta bi sautin a hankali har ɗakin Fa'iza. Yarinyar tana zaune a ƙasa ta fuskanci bango, sautin daga bakinta yake fita.

Haka aka yi kwana shida. Da rana Fa'iza tana kwance ba ta ci ba ta magana, tana riƙe da kafaɗarta ta hagu kamar mai ƙuna. Rana na sunkuyawa duwatsu su fara. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗebo wuta. Tumatir ya nuna ya ruɓe a gona, Isiyaku bai ko je ya duba ba.

Aka ɗauko Malam Hambali daga wani ƙauye bayan Bunkure, dattijo ne siriri mai ƙaramar murya, wanda aka san shi da ruƙiyya. Ya zauna a bakin tabarma bayan la'asar, ya fara karatu. Bai yi nisa ba Fa'iza ta miƙe zaune, idanunta a rufe, wata murya mai kauri ta tsohuwar mace ta fito daga ƙirjinta.

Muryar ta ce ita ce ta kashe motar a bakin ƙofar ruwa, ita ce kuma take hana ta cin gas. Ta ce ta shiga tukunyar ta cika ta da numfashinta, kullum tana ƙara hurawa.

"Ku yanka mini baƙin rago da sunana kafin magaribar gobe," in ji ta. "In ba haka ba tukunyar za ta fashe. Gidan nan da na kusa da shi, ba wanda zai tsaya."

Fa'iza ta sulale ta kwanta.

A zaure, Isiyaku ya durƙusa gaban malamin. Ya ce yana da rago, baƙi ne kuma, ba zai zuba ido iyalinsa da maƙwabtansa su ƙone ba. Malam Hambali ya ɗago shi ya zaunar. Sannan ya ce yanka da sunan wani ba Allah ba, wannan ƙofa ce da in ya shiga ba lallai ya fito ba. Ya ce su aljanu sukan faɗi gaskiya ɗaya su haɗa da ƙarya goma, shi kuma bai san mota ba, don haka ba zai iya cewa wannan wacce ce ba.

"Wa ya san tukunyar nan?" ya tambaya.

"Allah gafarta Malam, sai Mudassiru na Kura. Shi yake duba mini ita."

"A kira shi. Abin da za a iya aunawa, a auna shi tukuna."

Mudassiru ya iso da hantsi a kan babur, da kwamfutarsa a jaka. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, ya koyi aikin gas a Kano. Da aka gaya masa abin da muryar ta ce, ya ja baya taku biyu daga motar, ya share gumi. Ya ce shi bakanike ne kawai. Malam ya ce abin da ake so ke nan.

Ya yi bismilla, ya hau bayan motar ya fara da gejin ƙarfe da ke wuyan tukunyar, wanda ba ruwansa da wayar lantarki. Allurar tana ɗan sama da rabi. Ya zana mata alama da biro a gilashi, ya jira, ba ta motsa ba. Ya nemi ruwan sabulu, ya shafa a kowace mahaɗar bututu tun daga tukunya har regileta, wato abin da ke rage ƙarfin gas kafin ya shiga inji. Ko kumfa ɗaya bai tashi ba.

Ya jona kwamfuta, ya tayar da motar. Daga cikin gida aka ji Fa'iza ta yi ƙara, Hajara tana kiran sunanta. Mudassiru ya kafa idonsa a kan allon, bai waiwaya ba. Lambar da ke nuna ƙarfin gas tana daidai, sai ta faɗi sifili, sai ta haura sama da abin da zai yiwu, sai makunni ya yi kuka. Ya ce wa Isiyaku gas na gaske ba ya tsalle haka, akwai mai ba kwamfutar motar labarin ƙarya.

Ya nuna masa wani ɗan baƙin abu kamar akwatin ashana a kan bututun bayan regileta, mai wayoyi a soket. Ya ce sensa ke nan, ita ke gaya wa mota ƙarfin gas. Ya ɗora mitarsa: wayar da ke kawo wuta tana kawo bolt biyar cif, ta biyu, mai jone da jikin mota, lafiya lau. Ya koma kan wayar da ke kai labari, ya ɗan ƙwanƙwasa sensar da ƙotar sukudireba, lambar ta yi tsalle. Ya rufe gas, ya kwance ta, ya juya bakinta a tafin hannunsa. Wani baƙin mai ya ɗigo, irin wanda gas ke tafe da shi daga gidan mai. Ya ɗaura wata sabuwa daga jakarsa. Lambar ta tsaya cak. Motar ta yi rabin awa tana cin gas ba ta yi tari ba.

"Baba Isiyaku," in ji shi, "wannan ta daɗe tana mutuwa, ta fi wata. Tukunyarka kuwa ba abin da ke cikinta sai gas."

Bayan la'asar Malam Hambali ya koma ɗakin, ya ajiye matacciyar sensar a kan tabarma gaban Fa'iza, ya fara karatu. Wannan karon bai tsaya ba da muryar ta fito. Ta yi barazana, ta yi zagi, ta kira ragon. Ya ci gaba har gumi ya jiƙe rigarsa, har muryar ta koma nishi.

"Kin ce ke kika kashe mota," ya ce. "Ga abin da ya kashe ta. Yanzu faɗi gaskiya."

Fa'iza ta sunkuyar da kai. Sannan muryar ta ce, a hankali, ta fi shekara arba'in a ƙarƙashin ƙofar ruwan nan ba ta taɓa kowa ba. Tana zaune aka watsa mata tafasasshen ruwa a kafaɗa, ba sallama, ba ambaton Allah. Ta biyo su cikin fushi. Da ta ga yadda suke tsoron tukunyar, sai ta ga abin riƙewa.

Malam ya ce yarinyar ba ta gan ta ba, kuma ba da gangan ta yi ba. Isiyaku ya matso, ya ce shi ya miƙa bokitin, laifin nasa ne, yana neman afuwa. Muryar ta nemi kaza. Malam ya ce ko ƙwai babu. Ta nemi a bar ta ta riƙa zuwa duk shekara. Ya ɗaga murya da karatu, ta ce ta janye.

"To ku mayar da ni," in ji ta. "A mota na zo, ban san hanya ba."

Rana ta kusa faɗuwa suka fita. Isiyaku yana tuƙi, Fa'iza tana tsakaninsa da mahaifiyarta, kanta a kafaɗar Hajara. Malam da Mudassiru suna baya kusa da tukunyar, domin Isiyaku ya roƙi bakaniken ya biyo su ko motar za ta tsaya. Ba kaya a ciki, amma tana tafiya a danƙare, tayoyin baya suna gogar bodi a kowane rami. Mudassiru ya lura, ya dubi Malam, Malam ya girgiza masa kai.

A bakin ƙofar ruwan Isiyaku ya tsaya. Malam ya sauko, ya karɓi alkawari daga muryar sau uku cewa ba za ta dawo ba, ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu. Ƙafar Fa'iza ta miƙe, ta yi rawa, ta saki. A daidai lokacin bayan motar ya ɗaga sama da ƙarar ƙarfe, kamar an sauke buhu goma a tashi ɗaya, har Mudassiru ya kama bodi. Ciyawar ta kwanta ta rabu biyu zuwa bakin ruwa.

Fa'iza ta buɗe ido, ta ce, "Inna, yunwa nake ji." Hajara ta rungume ta tana kuka ba sauti.

Isiyaku ya juya motar, ya ce wa Mudassiru ya hau su tafi, tunda a gidan Isiyaku ya bar babur ɗinsa. Mudassiru ya riga ya sauko, ya rataya jakarsa. Ya ce motar lafiyarta ƙalau, ya tabbata, shi ya auna ta da hannunsa. Amma shi dai yau da ƙafa zai koma.