Gadon Jaririn Aleida

"Cire hannunka daga gilashin nan, Teun!"

Fenna ba ta ko waiwayo ba. Rabin fuskarta na cikin ɗakin mai jego, ɗakin da bai fi kwalin takalmi girma ba, tana kaɗe ƙurar labule da ɗan siririn burushi.

"Haba schat, masoyiyata, gidan kakannina ne fa."

"Aro kuka ba gidan tarihi. Kuma ni ke goge shatin yatsunka kullum."

Ya yi dariya, ya zura hannu a aljihu, ya fito da wani ɗan farin ƙyalle da bai cika tafin hannu ba, an soke allura a gefensa.

"Kakata Oma ta ce a ba ki."

Burushin ya tsaya cak a hannunta.

Duk wanda ya taɓa shiga wannan ɗan gidan tarihi na garin Haarlem, a ƙasar Holan, ya san gidan 'yartsanar dangin Terwolde. Kabad ne dogo, wanda kakar kakanninsu Aleida ta sa aka yi mata fiye da shekara ɗari uku da suka wuce. Akwai kicin da tukwanen azurfa, akwai ɗakin guga a sama, har tarkon ɓera akwai a bayan ganga. Amma mutane ɗakin mai jego suke tsayawa kallo, saboda ɗan gadon jaririn da aka tula wa ƙananan barguna. Kowace amarya da za ta shiga dangin sai ta ɗinka nata, ta saƙa harafin farko na sunanta. Ranar Litinin, da yake a rufe gidan tarihin yake, a buɗe mata gilashi, ta cire safar hannu, ta zura hannu har ƙasan gadon, sannan ta shimfiɗa bargonta, babbar macen dangi tana raɗa mata wata magana a kunne. Maza a waje suke jira. Kowa ya ɗauka addu'ar haihuwa ce, me kuwa za a raɗa a kan gadon jariri?

Fenna ta fi kowa sanin gadon nan. Ta san babu komai a ƙarƙashin bargunan, masu gidan tarihin sun ce 'yartsanar jaririn ta ɓata tun tuni. Shi kaɗai ne abin da take sharewa da sauri a duk gidan, idonta a wani wuri.

"Ka faɗa wa mahaifiyarka?"

Ya kau da kai.

"Teun... ka faɗa mata?"

"Zan faɗa. Bari a gama bikin ranar haihuwar Oma tukuna."

"Haka ka ce kafin Kirsimeti!"

"Rayuwata, ni na sani, kuma ni zan aure ki. Me ya rage?"

"Wannan ya rage," in ji ta, tana ɗaga ƙyallen. "So kake in shimfiɗa bargo a gadon da na san ba zan taɓa cika shi ba? A gaban kakarka?"

Tana da shekara ashirin da uku likitoci suka cire mata mahaifa don su ceci ranta. Ta faɗa wa Teun tun farkon haɗuwarsu, suna cin soyayyen dankali a kan gada. Ya miƙo mata sauran nasa ya ce shi dai ita ya gani ya ce yana so. Mutumin kirki ne Teun, ba a ja. Likitan dabbobi ne da zai sa hannu a bakin karen da ke haushi, amma a gaban mahaifiyarsa ko kyanwa ta fi shi baki.

Ranar Lahadi aka jera kujeru a zagaye a falon Oma Jacoba, wadda ta cika shekara tamanin da tara. Fenna ta bi layi tana sumbatar kumatu sau uku uku.

"Barka da surukarki, Mevrouw Terwolde."

"Barka da kakarka, Teun."

"Barka da maƙwabciyarku..."

Sai da ta gaida kowa da barkar Oma, kamar yadda al'adarmu take, kafin ta samu kujera, aka miƙo mata kofi da yankan kek guda. Can ɗaya gefen kuwa Annelot ce a zaune, ta harɗe ƙafa kusa da Mevrouw, wato Uwargida, Machteld Terwolde, mahaifiyar Teun. Tun suna yara iyaye mata suka haɗa Annelot da Teun a baki, yaron ne dai bai taɓa amsawa ba. Ita ce kuma ke taimakawa a gidan tarihin ranar Asabar, har Fenna ta ɗauke ta ƙawa, wata rana da kuka ya ci ƙarfinta a gaban gadon nan ta buɗe mata cikinta.

Ana cikin zagayawa da farantin cuku, Machteld ta ɗaga murya.

"Fenna, na ji an aika miki ƙyalle. Ki dage fa, ni jika nake jira, ba kare ba. Karnuka sun ishe mu a wurin Teun."

Aka yi dariya.

Annelot ta ajiye kofinta a hankali, ta dafe ƙirji.

"Kai Fenna, kin burge ni ƙwarai! Da ni ce aka yi wa wannan aikin, ba zan iya ko kallon gadon ba..."

Machteld ta juyo.

"Wane aiki?" in ji Machteld.

"Au! Ba ku sani ba? Wayyo ni... na ɗauka an daɗe da faɗa muku."

Mutanenmu na Holan ba sa kwana-kwana a magana, suna ma alfahari da hakan. Machteld ta dubi Fenna ido cikin ido, a gaban baƙi, a gaban kek.

"Za ki iya haihuwa ko ba za ki iya ba?"

"Ba zan iya ba, Mevrouw."

Teun ya miƙe har kujerarsa ta faɗi.

"Na sani, Mam! Tun farko na sani!"

"Ka sani ka bar ni ina saƙa hulunan jariri?" in ji Machteld. "Kai kaɗai gare ni, Teun. Babanka ya tafi. In ka auri yarinyar nan, a kanka za a rufe gidan Terwolde!"

Fenna ta dubi Oma. Tsohuwar na zaune a kujerarta mai taya, cokali a hannu, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi komai yi mata ciwo. Ta zare zoben baikonta, ta ajiye shi a gefen farantin, ta ce "Na gode da kofi," don ko a wannan hali tarbiyya ba ta barin mutum. Ta fita ta hau kekenta cikin ruwan sama, tana jin Teun yana ƙwala mata kira har ta sha kwana.

Duk satin ba ta ɗauki wayarsa ba.

Ya zo ƙofarta, ta ƙi buɗewa.

"Fenna, na yi laifi! Tsoro na ji, kuma ke na bari a tsakiyar zagaye... Ki buɗe, masoyiyata, ko zagina ne ki yi."

"Je ka, Teun. Mahaifiyarka ba ta yi ƙarya ba."

Ta jingina da ƙofar tana kuka mara sauti har ta ji saukarsa. Tana son sa, so mai cin rai, shi ya sa ma ta ƙi buɗewa. Ƙyallen kuwa ta yi niyyar mayar da shi yadda ya zo. Sai dai hannun da ya saba gyaran labulen 'yartsana ba ya iya ganin bakin yadi yana warwarewa ya ƙyale. Ta ce bari ta kama gefe ɗaya kawai. Kafin ta ankara ta kama duka huɗun, ta saƙa harafinta da jan zare, ta cusa shi a aljihun rigar aiki tana jin haushin kanta.

Ranar Litinin da hantsi tana ita kaɗai a zauren, ta ji hayaniya a bakin ƙofa.

"A hankali, ɗan banza! Ni ba buhun dankali ba ce!"

Ta leƙa ta taga. Teun ne ke sauko da kakarsa daga akwatin gaban keke, irin wanda ake kai yara makaranta, an naɗe ta da bargo har wuya. Machteld na bayansu a nata keken, fuska a murtuke, ta ɗauro kujerar mai taya.

Da suka shigo, Teun bai jira kowa ba.

"Fenna, ban san me Oma ta zo yi ba, ta dai ce in kawo ta. Amma ga tawa maganar, kuma na riga na faɗa wa Mam. In ba ke ba, ba kowa. In gidan zai rufe a kaina, to gara ya rufe ina tare da ke."

"Ya isa, mun ji," in ji Oma. "Bakin da ya kamata ka buɗe tun Kirsimeti. Fita waje, maza ba sa tsayawa."

Ya fita, ya tsaya a bayan ƙofar gilashin zauren kamar karen da aka ɗaure a bakin kanti.

"Buɗe, yarinya."

"Mevrouw, na mayar da zoben..."

"Na gani, ai ban makance ba. Buɗe, ki cire safar nan."

Fenna ta buɗe gilashin. Shekarunta a nan ba ta taɓa taɓa komai da tsiraicin hannu ba. Ta zare safar, ta zura yatsunta ƙarƙashin bargunan matan da suka riga ta, har ta ji sanyin katako.

"Me kika taɓa?"

"Babu komai. Jaririn ya ɓata tun..."

"Bai ɓata ba. Ba a taɓa yin sa ba."

Fenna ta juyo.

"Raɗawa ake yi," in ji Oma, "amma yau da ƙarfi zan faɗa, saboda wadda na raɗa wa a baya tana ta tambayar ko gashinta ya zauna." Ta harari Machteld. "Aleida ba ta taɓa haihuwa ba. Zazzaɓi ya kashe ƙanin mijinta da matarsa, ta kwashi marayunsu huɗu ta raine su. Duk wani Terwolde da kika gani, daga yaran nan ya fito. Matar da ta sa aka ƙera mata tarkon ɓera, kina tsammani jariri ne za ta manta? Cewa ta yi a bar gadon yadda Allah ya bar nata. Shi ya sa amarya ke cire safa, don ta ji da hannunta."

Ta jawo Fenna kusa, ta riƙe mata haɓa da busassun yatsunta.

"Ga abin da uwar mijina ta faɗa min, ita ma haka aka faɗa mata. Gadon nan wayam yake tun farko, kuma ga mu nan. Ke muka zo ɗauka. Abin da ya biyo baya, in ya zo, ƙari ne."

Kukan da Fenna ta daɗe tana dannewa a gaban gadon nan ya ƙwace mata.

"To me ya sa kika yi shiru ranar Lahadi?"

"Don ba a faɗar sa a falo, a gaban waccan mai dafe ƙirji. Na kuma so in ga ko jikana yana da ƙarfin hali."

Machteld ta daɗe tana kallon bargunan. Nata ne a sama, mai shuɗin zare.

"Na ji ki a ranar, Mama," ta ce a hankali. "Na ji sarai. Da baban Teun ya rasu ne gidan ya yi min shiru... na ga kamar in babu yaro, shirun ba zai ƙare ba."

Ta buɗe jaka, ta fito da zoben a naɗe cikin takardar goge baki, har da ɗan maiƙon kek a jiki.

"Na yi miki rashin mutunci a gaban mutane, Fenna. Ba na iya doguwar magana. Ki yafe min."

"Sai dai babu bargo," in ji Oma, tana tsaki. "Wa zai yi ɗinki a irin wannan satin?"

Fenna ta share hawaye da bayan hannu, ta laluba aljihu, ta fito da shi.

Tsohuwar ta ƙyalƙyale da dariya har da tari.

"Kin gani, Machteld? Ta mayar da zobe tana ɗinki!"

Machteld ce ta riƙe mata safar. Fenna ta shimfiɗa jan harafinta a kan shuɗin, ta gyara gefunansa da ɗan yatsa, a hankali, ba sauri. Karo na farko ke nan da ta tsaya ta kalli gadon sosai. Ɗan kyakkyawan abu ne ashe, an sassaƙa masa furanni a kai.

Da ta juya, Teun ya manne da ƙofar gilashin, tafukansa biyu a kai, goshinsa ma a kai, yana son ya karanci fuskokinsu. Ta taka zuwa wurinsa, zoben a yatsanta, ta buɗe ƙofar kaɗan.

"Me ta ce miki? Schat, me ta ce?"

"Ba a faɗa wa maza."

Ya ga zoben, idonsa ya ciko.

"Teun..."

"Na'am, rayuwata?"

"Dubi yadda ka ɓata min gilashi."

Ya fara jan hannun rigarsa zai goge, ta riƙe hannun ta kai shi kumatunta.

"Bar shi," in ji ta. "Gobe na goge."