Layin Sunaye Kaɗai

Ranar Talata ce, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta ajiye takardun gwajin jini biyu a kan bencin shagon waldar saurayinta.

"Dukanmu muna ɗauke da ƙwayar sikila..."

Ya kashe injin, ya zare baƙin gilashinsa.

"Haba 'Yar Kwamfuta! Tawa dai na san da ita tun ina yaro. Amma ke? Mu je wani asibitin a sake ɗibar jininki."

"Da hannuna na jera sakamakon, da hannuna na buga. Tunda na fara aiki a ɗakin gwajin nan, Oga bai taɓa kama ni da kuskure ba."

"Allura ɗaya ce fa, Sahibata..."

"Wato ban iya aikina ba ke nan?"

Ruwa na ta dukan kwanon shagon.

Mamarsa ba ta ɗaga murya ba da labarin ya same ta.

"'Yata, ina son ki. Amma ciwon nan ya ci min 'ya'ya biyu. Ba zan binne jika ba."

'Yar ƙanwar Maman, wadda kullum take kai masa abinci shago ba a aike ta ba, tana gefe tana yankan farce.

"Ni kam tawa takardar fes take, Mama. Tana jakata ma."

Kafin damina ta ɗauke an ɗaura masa aure da 'yar ƙanwar Maman.

Wata safiya Oga ya shigo ɗakin gwajin fuska a murtuke.

"Wata mata ta yi gwaji a wani wuri, ya saɓa da namu. Buɗe min jadawalin makon nan da aka ɗebi naki jinin."

Ta buɗe. Ya ɗora yatsa a fuskar kwamfutar.

"Duba! Sunaye sun jeru daga A zuwa Z, amma lambar kwalba da sakamako suna inda suke. Layin sunaye kaɗai kika jera! Kowa ya tafi da jinin wani!"

Sai ta tuna. Ranar, da ta danna maɓallin jerawa, wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko a haɗa da sauran layukan. Daidai nan wayarta ta yi ƙara, saurayin nata ne, yana tsokanarta wai ya ƙera musu gadon da ko giwa ba ta karya shi. Tana dariya ta danna ba ta karanta ba.

Ta bi lambar kwalbarta da ido.

Jininta lafiya lau.

A ƙafa ta isa shagon, ko gyale ba ta gyara ba.

"Masoyi... ba ni da ita! Kuskurena ne..."

Ya daɗe yana kallon sandar walda a hannunsa.

"Na roƙe ki allura ɗaya."

"Na sani..."

"Matata tana da ciki, 'Yar Kwamfuta."

Ya mayar da gilashin fuskarsa, amma bai kunna injin ba.

Da Oga ya gama kiran mutane a waya, ga abin da aka lissafa: takardu talatin da ɗaya na ƙarya. Aure huɗu da aka fasa a banza, har da nata. Aure ɗaya da aka ɗaura wa masu ƙwayar su biyu, amaryar riƙe da lafiyayyen sakamakon da na 'Yar Kwamfuta ne. Sai kujerarta ta aiki da ta rasa, da gadon ƙarfe guda, wanda wata take kwana a kai.