Ƙaguwa Mai Ƙafa Takwas

Ranar Alhamis, a kasuwar Maigatari, Mansura ta ci birki gaban tabarmar Zayyad, wani saurayi mai sayar da duwatsun da ake kawowa daga Nijar. Ilimin duwatsu ta karanta a jami'a, shi ya sa ta tsuguna.

"Ƙaguwar teku ce, ta daskare ta zama dutse tun zamanin da," in ji shi.

"Jabu ce. Ƙaguwa ƙafa goma gare ta har da manyan hannayenta. Taka takwas. Ɗana mata allura mai zafi ka gani, gam ce."

Masu ciniki suka zame ɗaya bayan ɗaya. Zayyad ya murtuke.

"Malama, tashi min daga gaban kaya."

Ta rubuta lambarta a takarda ta jefa masa. "In ka samu ta gaske, ka nuna min."

Bayan kwana uku saƙo ya shigo: "Ta narke. Sha'aibu dillali ne ya kawo min, na mayar masa. Amma har yanzu ina jin haushinki."

"Ci gaba da ji," ta amsa.

Haka ya dinga turo hotuna, tana kushewa, yana musu. Ranar da ya samu ta gaske, ɓawonta na haɗe da jikin dutsen, ya rubuto: "Malamata, na ci jarrabawa?"

Ta daɗe tana murmushi kafin ta rubuta: "Da ƙyar, ɗalibina."

Ba a daɗe ba maganar aure ta taso tsakaninsu. Sha'aibu, da kasuwarsa ta mutu, ya tako har gidansu a Gumel ya shaida wa mahaifinta, Alhaji Haladu, cewa Zayyad ke sassaƙa jabun.

"Ba zan ba macuci 'yata ba," in ji Alhaji. Mansura ta yi kuka, ya ƙi ko kallonta.

Da Zayyad ya zo gaisuwa, ko tabarma ba a ba shi ba.

"Ka sayar da jabu ko ba ka sayar ba?"

"Na sayar, Baba, cikin rashin sani. Na bi mutanen da suka saya har Gagarawa da Sule Tankarkar na mayar musu da kuɗinsu, na karɓo kayana."

Alhaji ya tura aka bincika, aka tarar haka ne.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da ango ya durƙusa, Alhaji ya dafa kansa.

"Har yau ban ga amfanin sana'ar nan taka ba. Amma ba ka yi min ƙarya ba. Allah ya zaunar da ku lafiya."