Waya Mai Baki Biyu

An sauko daga Juma'a ke nan Alhaji Maikuɗi, dillalin zinari a bakin kasuwar Anka, ya fito ƙofar shagonsa yana kururuwa an yashe shi. Akwatin ƙarfensa a buɗe yake, ba a fasa ba, ba a ɓalle ba. Zinarin da ke ciki kuwa ba nasa ba ne. Na mahaƙan Duza ne, sun ba shi ajiya har mai saye ya iso daga Gusau.

Kafin Sufeto Muttaka ya iso da kofur ɗinsa, mahaƙan sun cika wurin. Lirwanu, mai awon shagon, yana durƙushe a tsakiyarsu, leɓe a fashe, riga a yage.

"Shi na, Yallaɓai!" in ji Alhaji, yana goge idon da babu hawaye a cikinsa. "Shi kaɗai ya san inda nike aje makulli. Na riƙe shi kamar ɗa, ga sakayyata."

Muttaka ya dubi babbar rigar Alhaji, ko lanƙwasar guga ba ta baje ba. Ya sha ganin waɗanda aka yi wa sata, ba su cika tuna gyara hula ba. Ya ɗaga kai ya ga kyamarori a kusurwoyin shagon.

"Waɗannan fa, ado ne?"

"Sun mace tun jiya. Injiniya ya ce suwic ya ƙone."

Alhaji ya kai Muttaka ɗakin ciki. Suwic ɗin ɗan akwati ne a kan kanta, nan wayoyin kyamarori duka suke haɗuwa, daga nan hoto ya wuce zuwa na'urar naɗa. Shi ne kuma ke ba kyamarorin wuta. Muttaka ya yi shekaru a sashen sadarwa kafin a kawo shi Anka, ya san irinsa. Fitilunsa duka a kunne suke, suna ƙyaftawa tare da sauri kamar masu farfaɗiya. A talabijin ɗin bango kuwa hoto ya daskare tun hantsin Alhamis.

"Ƙonanne ke nan?" Muttaka ya yi tsaki. "A nemo mini wannan injiniyan. A shigo da mai awo kafin su kashe shi."

Aka shigo da Lirwanu. Bayansa Lauwali ne, dattijon mahaƙan, wanda ya ƙi yarda a rufe ƙofa ba da shi ba.

"Ina kake jiya da hantsi?"

"Duza, ranka shi daɗe. Alhaji ya aike ni tun da sahe."

"Wa ya gan ka?"

Lirwanu ya dubi Lauwali. Dattijon ya kau da kai, sannan ya ce a daƙile, "Gaskiya wurinmu ya wuni. Tare munka yi azahar."

"Kun san haka kuka fasa masa baki?"

"Yallaɓai, wahalar rani guda ce cikin akwatin ga. Ƙasa ta danne mana mutum biyu kahin mu tara shi."

Muttaka ya juya ga Lirwanu. "Da ka dawo fa?"

"Na iske hoto ya tsaya. Na ce ma Alhaji a kira injiniya. Ya ce ba ruwana."

Sai ga injiniya, Faruk, ya iso a babur, da tabarau da jakar kwamfuta da turare mai hawa kai. Tun daga ƙofa yake zuba Turanci.

"Ajiye Turancin a waje," in ji Muttaka. "Kai ka ce suwic ya ƙone?"

"E to, Oga, bisa ƙwarewata..."

"Ka duba shi?"

"A waya Alhaji ya yi mini bayani. Ina Gummi tun Laraba, ina haɗa wa wata makaranta kwamfutoci. Yanzu na shigo gari."

"Wato daga Gummi ka jiyo ƙauri."

Kofur ya buga wa makarantar waya, suka ce lallai can yake tun Laraba har safiyar yau, bai ma gama musu aikin ba.

Muttaka ya zare wutar suwic ɗin, ya jira kaɗan, ya mayar. Kyamarori suka farfaɗo, hoto ya motsa a talabijin, ga mahaƙa suna leƙe ta ƙofa. Nan da nan fitilun suka sake haukacewa, hoton ya daskare.

"Abin da ya ƙone ba ya tashi ya gaishe ka ya koma," ya ce. "Matso, injiniya, yau ka koyi sana'arka."

Ya fara zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana duban fitilu, yana mayarwa. Ta kyamarar ƙofa, ba canji. Ta kan ma'auni, ba canji. Ta na'urar naɗa, haka. Can gefe akwai wata gajeriyar waya rawaya da aka cusa ta bayan kanta. Yana zare ta fitilun suka lafa, kowace ta koma ƙyaftawarta a natse, hoto ya dawo tar. Ya bi wayar da yatsa ya jawo ta. Ba ta je ko'ina ba. Ɗaya bakin ma a jikin suwic ɗin yake.

Ya ɗaga ta don Lauwali ya gani. "Baba, wannan akwati kamar ɗan aike yake. Abin da ya shigo ta wannan ƙofa, ya miƙa ta waccan. In ka haɗa ƙofofinsa biyu da waya ɗaya, saƙo ya fita ya dawo masa, ya sake fitarwa, ya dawo, har ya rasa kansa, ba hoton da zai wuce. Ba lalacewa ba ce. Hannu ne."

Faruk ya cire tabarau. Goshinsa ya jiƙe.

"Ka san wannan, ko?"

"Oga, wallahi ba ni ba ne. Sau ɗaya ta taɓa faruwa, ranar da na haɗa kayan. Kuskure na yi, komai ya tsaya, na wuni ina nema."

"Wa ke wurin?"

Faruk ya saci kallon Alhaji. "Alhaji. Yana tsaye a kaina yana zagina. Da na gano, ya sa na nuna masa yadda aka yi, wai kada in sake ruɗa shi."

"Da ya kira ka jiya, ya ce ka zo?"

"Na ce in taho da yamma. Ya ce in yi zamana sai Asabar."

Alhaji ya daka tsawa. "Maganar wanga ɗan iska za ka kama? Ni da ko karatun boko ban yi ba, mi na sani ga waya?"

"Zauna, Alhaji." Muttaka bai ɗaga murya ba. "Sa'ad da hoton nan ya tsaya, mai awonka yana Duza, kai ka tura shi. Wannan holoƙon yana Gummi. Mutum biyu suka san abin da wayar nan ke yi, ɗaya ba ya gari. Kana da zinarin mutane a ɗaki, kyamarori sun mutu, mai gyara ya ce zai zo, ka ce ya zauna. Akwati kuma da makulli aka buɗe shi."

"Zato na! Ina shedarka?"

"Tana sama." Ya nuna kyamarar da ke kallon akwatin ƙarfen. "Wayarka ta hana hoto tafiya, amma ba ta yanke wa kyamara wuta ba. Irin wannan tana da ɗan katinta a ciki, in hanya ta toshe sai ta naɗa a kanta. Ko ba haka ba, injiniya?"

"Haka ne, Oga," in ji Faruk da ƙaramar murya.

"Kofur, samo tsani."

Kofur bai kai ƙofa ba Alhaji ya kamo hannun rigar Muttaka. Muryar da ta cika kasuwa ɗazu ta koma raɗa.

"Sufeto, mu koma gehe mu yi magana. Ni da kai ba mu ɓatawa."

Muttaka ya dubi hannun har Alhaji ya sake shi.

"Faɗa a nan. Baba Lauwali yana ji."

Da Alhaji ya faɗa, a cikin buhun gero aka samo zinarin, a ɗakin ajiyar gidan Alhaji, ƙulle cikin ledojinsa yadda mahaƙan suka kawo shi. Lauwali ya tsuguna a kansa, ya ƙirga ledojin. Da ya miƙe, wurin Lirwanu ya nufa, ya cire rawaninsa ya shiga goge masa jinin leɓe, a gaban mahaƙan duka.

Da aka sa Alhaji a mota, kofur ya koma shagon ya hau tsani don ɗauko katin, a haɗa da sauran shaida. Ya buɗe murfin kyamarar, ya leƙa, ya sa yatsa.

"Oga, babu komai a ciki."

Muttaka ya juya ya dubi Faruk, wanda ya riga ya fara tura babur ɗinsa a hankali.

"Alhaji ya biya ka kuɗin kati?"

Faruk ya sunkuyar da kai. "Ya biya, Oga."

"Kofur, ce wa Alhaji ya gyara zama. Ga abokin hira."