Keke Ba Ya Tsayawa Sai Ya Yi Kuka

Ranar da ta fara ganinsa, keken ɗinkinta ne ya kai ta shagonsa. Bai ko ɗaga kai ba, ya murza keken ya kara kunne kamar mai sauraron gulma.

"Malama Tela, tun yaushe kike jin wannan ƙarar?"

"An daɗe. Na ɗauka zai daina da kansa."

"Haka kowa ke cewa! Keke ba ya tsayawa sai ya yi kuka tukuna, masu shi ne ba sa ji."

Ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana. Ita dai wannan dariyar ta aura.

Yau ga shi kwance ya juya wa duniya baya, shago a kulle. Tun da ya aiki ƙanensa Auta sayo kayan gyara, mota ta buge shi ya rasu, dariyar ta bi Auta kabari. Ba ci, ba barci, ba magana. Da ƙyar ta lallaɓa shi suka je kilinik, likita ta ce ciwon damuwa ne, ta ba shi magani, ta ce ya riƙa zuwa suna hira. Har ya fara buɗe shago. Sai wata maƙwabciya ta hango su a layin kilinik, ta kai gulma gida.

Da hantsi Inna, mahaifiyarsa, ta banko labule.

"Ke! Asibitin mahaukata kika kai min ɗa?"

"Inna, ba hauka ba ne, dipireshan ne..."

"Dipi me? Mu da muka binne iyaye da miji, wa ya ba mu ƙwaya? Haƙuri muka sha! Ƙanwarsa na da manemi, wa zai auri ƙanwar taɓaɓɓe?"

Ta kwashi magungunan ta watsa a kwata. Shi kuwa cewa ya yi, "Bar ta, Tela. Uwa ce."

Daga nan ya koma gidan jiya. Ranar nan ta kawo masa abinci, ya dube ta da idanun da ba kowa a cikinsu.

"Da ni motar ta ɗauka, da duk kun huta. Har yanzu ma bai ɓaci ba."

Kwanon ya suɓuce mata. Ta tattara wuƙaƙe da igiyar shanya ta kai maƙwabta, ko wanka za ta shiga sai ta bar ƙofa a buɗe tana jin motsinsa. Yayanta ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba ya ce ki haɗa kayanki. Aure muka yi miki, ba gadi ba."

"Yaya, in na fita yau, gobe gaisuwar mutuwa za ku zo."

Washegari ta shiga ɗakin Inna don ta roƙe ta. Ta tarar da ita tana goge shuɗiyar rigar Auta, rigar da ta wanke jiya, ta goge shekaranjiya, har wuyan rigar ya sille. Ɗaya hannun dafe da ƙirji.

"Ƙirjin ne kuma, Inna?"

"Olsa ce. Na sha magani har na gaji."

Tela ta tsaya tana sauraro, yadda mijinta ke sauraron keke.

"Tashi in raka ki asibiti. Amma ba zan ɓoye miki ba, wajen likitar ɗanki za mu."

Inna ta zage ta tas. Amma ciwo ya fi kunya ƙarfi; da ƙirjin ya matsa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta bi ta.

Likita ta auna ta, ta ajiye abin awon.

"Mama, yaushe ciwon ya fara?"

"Tun ranar da... Tun ranar da aka kawo min takalmin Auta, ƙafa ɗaya."

Sai kuka. Kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, gudun kada a ce ba ta da tawakkali.

Da suka dawo, Inna ta wuce kai tsaye ta zauna a bakin gadon ɗanta, ta ɗora masa rigar a cinya.

"Ba kai ka kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Ni ce na kusa kashe ka. Tashi, gobe tare za mu bi layin. Mai kallo ya kalla!"

Ya kifa fuska a rigar, ya fashe da kuka.

Sauƙi bai zo da gudu ba. Manemin ƙanwar ya janye, wasu ranakun har yanzu shago a kulle yake wuni. Amma haƙurin gaskiya ba shi ne haɗiye ciwo ba. A faɗe shi, a nemi magani, a jira tare. Babba da yaro duk zuciya ɗaya Allah Ya ba su.

Ranar da Tela ta sake jin ƙarar keke daga shagon, ta tsaya a ƙofa ta faɗi abin da ta daɗe tana riƙewa.

"Na yi maka alkawari, ko a ƙasan maƙoshi ka yi kuka, zan ji. Ba zan ƙara cewa zai daina da kansa ba."